Daga Layin Banki Zuwa Zauren Jarrabawa

[Kiɗan buɗe shiri]

Masu saurarenmu na cikin garin Sabha da kewaye, da na Ubari, da na Murzuƙ, da duk inda muryar nan take kaiwa, barkanmu da wannan lokaci. Shirinmu na yau na ɗalibai ne, musamman 'ya'yanmu da ƙannenmu masu karatun tattalin arziki da akanta da harkar banki, a Jami'ar Sabha da sauran makarantu, waɗanda jarrabawa ta ƙarato musu. Amma ina roƙon iyaye da 'yan kasuwa su ma su matso kusa da rediyo, domin maganar bashi da ajiya ce, kuma Bahaushe ya ce bashi hanji ne, yana cikin kowa.

Tambayoyi biyu ne suka fi tayar wa ɗalibai hankali a wannan fanni: tambaya kan rikicin bankuna, da tambaya kan haɗarin bashi. Na ga ɗalibi ya kwana yana haddace ma'anoni, ya shiga zaure, aka juya masa tambayar kaɗan, sai alƙalami ya tsaya. Abin da nake so in nuna muku yau shi ne, ku da kuka tashi a garin nan kun riga kun ga rabin darasin da idonku. Saura ku san sunan abin da kuka gani.

Ku tuna shekarun 2016 da 2017. Ni kaina na sha fita bayan sallar asuba, cikin sanyin nan mai shiga ƙashi na Fezzan, yankinmu na kudancin Libiya, in tarar da mutane sun riga ni ƙofar banki. Wani ya yago takarda yana rubuta sunaye da lamba, dattawa sun jingina da bango sun lulluɓe da bargo, mata sun yi nasu layin a gefe. Kowa da littafin cak a aljihu, kowa albashinsa na watanni yana cikin asusu. Hantsi ya yi, mai gadi ya leƙo ya faɗi kalmar da kowa ya sani a ƙasar nan: babu suyula. Wato babu tsabar kuɗi. Wanda yake da mara lafiya a gida sai ya nufi kasuwa, ya rubuta wa ɗan kasuwa cak na dinari 1,000, a ƙirgo masa abin da bai kai haka ba, ya karɓa ya yi godiya.

To, ɗalibi, idan malami ya ce ka bayyana abin da ya faru a wannan ƙofa, me za ka rubuta? Da yawa za su ce bankin ya karye. Daga nan makin ya fara zubewa.

Ciwon banki iri biyu ne, kuma duk wata tambaya a wannan babi tana komawa gare su. Na farko, ƙarancin tsabar kuɗi: dukiyar bankin tana nan, ta ma fi abin da ake bin sa, amma ba ta cikin siffar da za a miƙa wa mai ajiya yau. Na biyu, karyewar jari: abin da ake bin bankin ya fi abin da ya mallaka, ko da an ba shi shekara ya tattaro komai. Na farko kamar manomi ne da rumbunsa yake cike da hatsi amma babu ko sisi a aljihunsa ranar kasuwa. Na biyu kuwa manomi ne da gara ta cinye rumbun, ga masu bin sa bashi a ƙofar gida.

Ku ɗauki alƙalami mu buga misali tare. A ce banki yana riƙe da dinari miliyan 100. Miliyan 90 ajiyar jama'a ce, miliyan 10 jarin masu bankin. Ya ba da bashin miliyan 80, ya bar miliyan 20 a ma'aji. Idan jita-jita ta tashi, masu ajiya suka zo rana ɗaya suna neman miliyan 30, bankin zai gaza, alhali ko dinari ɗaya bai ɓata ba. Wannan ciwo na farko ke nan. Idan kuwa babu wanda ya zo layi, amma daga cikin bashin miliyan 80 ɗin nan miliyan 12 suka maƙale har abada, dukiyar bankin ta koma miliyan 88, ana bin sa 90. Jarin miliyan 10 ya ƙare, har da giɓin miliyan 2. Ƙofa a buɗe, ma'aikata suna aiki, amma bankin ya riga ya mutu. Wannan shi ne na biyu.

Yanzu mu ɗora wannan ma'auni a kan Libiya. A 2014 ƙasa ta rabu gida biyu a siyasance, Babban Banki ma ya rabu: hedikwata a Tarabulus ƙarƙashin Sadiƙ al-Kabir, wani ɓangare a Baida ƙarƙashin Ali al-Hibri. Haƙar mai ta ragu, farashinsa a duniya ya faɗi, dala ta yi wuya. A lokacin, a hukumance dala ɗaya tana wajen dinari 1.4, a kasuwar bayan fage kuwa ta kai wajen dinari 9 a ƙarshen 2017. Ɗan kasuwa ya ga in ya kai kuɗi banki ba zai iya fitar da su ba, sai ya ajiye a gida. Da kuɗi suka daina komawa banki, sai bankin ya ƙara takura masu cira, takurar kuma ta ƙara tsorata masu kaiwa. Daga 2016 ɓangaren gabas ya riƙa shigo da takardun kuɗi da aka buga a Rasha, duk da haka layi bai ƙare ba, domin abin da ya ɓace yarda ce, ita kuwa ba a buga ta a injin. Mu a kudu, da muke nesa da Tarabulus fiye da kilomita 700, sai mun jira an turo mana, shi ya sa ƙuncin ya fi tsawo a nan.

Ku riƙe waɗannan shekaru, za su yi muku amfani. A Janairun 2021 aka haɗe farashin canji a kan dinari 4.48 kowace dala. A Agustan 2023 aka sanar da sake haɗe Babban Banki. A Agustan 2024 rigima ta sake tashi kan kujerar gwamna har aka rufe rijiyoyin mai, sai ƙarshen Satumba aka daidaita a kan Naji Isa. Duk wannan tarihi, asalinsa ƙarancin tsabar kuɗi ne da rabuwar hukuma da gushewar yarda. Bankunan Libiya ma bashin da suke bayarwa kaɗan ne idan aka gwada shi da yawan ajiyar da ke hannunsu.

Idan kana son misalin ciwo na biyu, juya ka dubi Najeriya. A 2004 gwamnan Babban Banki na lokacin, Charles Soludo, ya ɗaga mafi ƙarancin jarin banki daga naira biliyan 2 zuwa biliyan 25, bankuna 89 suka haɗe suka koma 25. Kuɗi suka yi yawa a hannunsu, suka shiga ba da bashi ga masu sayen hannun jari da masu shigo da man fetur, wasu shugabannin ma suka riƙa ba kamfanonin kansu da na makusantansu. Da kasuwar hannun jari ta rushe a 2008, farashin mai ya faɗi, sai basussukan suka ƙi biyuwa. A watan Yunin 2009 Sanusi Lamido Sanusi, mutumin Kano, wanda dama aikinsa a banki shi ne kula da haɗarin bashi, ya zama gwamna. Ya tura masu bincike, kuma ranar 14 ga Agusta ya sauke shugabannin bankuna biyar: Intercontinental, Oceanic, Union, Afribank da Finbank, ya zuba musu naira biliyan 420. Bayan zagaye na biyu na binciken jimillar ta kai biliyan 620. A 2010 aka kafa hukumar AMCON don ta saye ruɓaɓɓun basussukan. Nan ruɓa daga ciki ta fara, sai bango ya tsage ƙadangare ya samu wurin shiga.

Ɗalibin da ya iya ajiye waɗannan misalai biyu gefe da gefe, ya ce wannan na tsabar kuɗi ne, wancan na jari ne, ya kuma faɗi dalili, ya riga ya ci rabin makin.

[Gajeren kiɗa]

Masu saurare, barkanmu da sake haɗuwa. Yanzu sai haɗarin bashi, wanda littattafanku na Larabci suke kira makhaɗirul i'itiman. Ma'anarsa a taƙaice: yiwuwar wanda aka ba bashi ya kasa biya, ko ya ƙi, a kan lokaci kuma cikakke.

Kafin ka buɗe littafin makaranta, je ka zauna awa ɗaya a shagon mai kayan masarufi na unguwarku. A ƙarƙashin teburinsa akwai wani littafi da gefensa ya yi baƙi don yawan buɗewa, kowane gida da shafinsa. Ka lura da yadda yake yi. Ma'aikacin gwamnati ya zo, ya ba shi shinkafa da taliya da mai har ƙarshen wata, domin ya san albashi zai shigo ko ya makara. Baƙo ya zo, wanda jiya ya sauka daga Agadas kuma idonsa yana kan hanyar arewa, sai ya ce masa wa ya san ka a nan, wa zai tsaya maka? Wani ya nemi kaya masu yawa, sai ya ce bar wayarka ko takardar motarka. Idan albashi ya yi wata biyu bai zo ba, sai ya rage wa kowa, har mutanen kirki. Wannan mai shago bai taɓa shiga aji ba, amma tambayoyi biyar da ake koya muku su yake yi: halin mutum, ƙarfin samunsa, abin da ya mallaka na kansa, jinginar da zai ajiye, da yanayin gari. Addininmu ma ya riga ya tsara wannan, domin aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa masa shaidu take, ta bayanta kuma ta ambaci jingina.

Abin da banki ya ƙara a kan mai shago shi ne lissafi. Lambobi uku ake nema. Ɗaya, yiwuwar kasa biya, kashi nawa cikin 100. Biyu, nawa ake bin mutum a ranar da ya kasa. Uku, kashi nawa na wannan kuɗi zai salwanta bayan an sayar da jingina. Ka ninka ukun, abin da ya fito shi ne asarar da ake tsammani.

Ga misali. Ana bin ɗan kasuwa dinari 100,000. Yiwuwar ya kasa biya kashi 5 cikin 100. In ya kasa, jinginarsa za ta dawo da kashi 60. A nan ɗalibai suke faɗawa rami: sai su ninka da 60. A'a. Abin da ya salwanta ake so, wato kashi 40. Kashi 5 na 100,000 shi ne 5,000. Kashi 40 na 5,000 shi ne 2,000. Asarar da ake tsammani dinari 2,000 ce. Ita banki yake ware wa tanadi daga ribarsa, kuma yana sa ta cikin farashin da yake caji. Asarar da ba a tsammani kuwa, irin wadda take zuwa shekarar da komai ya dagule, jari ne yake ɗaukar ta. Ku ja layi a ƙarƙashin wannan: tanadi na asarar da aka hango, jari na wadda ba a hango ba.

Daga nan sai ma'aunin isar jari. Tun 1988 kwamitin Basel, wanda yake zama a ƙasar Suwizalan, ya sa ƙa'ida cewa jarin banki kada ya gaza kashi 8 cikin 100 na dukiyarsa bayan an auna ta da nauyin haɗari. Mu koma bankinmu na ɗazu. Jari miliyan 10, bashi miliyan 80 mai cikakken nauyi, tsabar kuɗi kuwa nauyinta sifili ne. 10 a kan 80 ya ba mu kashi 12.5, lafiya lau. Sai aka shafe ruɓaɓɓen bashi na miliyan 5. Jari ya koma 5, bashi ya koma 75. Ka cire daga sama, ka cire daga ƙasa, kada ka manta ɗaya. 5 a kan 75 bai kai kashi 7 ba. Bankin ya faɗi ƙasa da ƙa'ida. Ku kuma riƙe cewa a al'adar masu sa ido, bashin da ya wuce kwana 90 ba a biya ba ana lissafa shi cikin waɗanda suka maƙale.

Akwai tambayar da ta shafe mu a nan musamman. A 2013 majalisa ta zartar da Doka ta 1 wadda ta hana mu'amala da riba, bankuna suka karkata ga murabaha: banki ya sayi mota ko kayan gini, ya sayar maka da ƙarin da aka yi yarjejeniya, ka biya kaɗan-kaɗan. Malami zai iya tambaya: shin hana riba ya kawar da haɗarin bashi? Amsa ita ce bai kawar ba. Da zarar an miƙa maka motar, kuɗinta ya zama bashi a wuyanka, kuma kana iya kasa biya. Bankin ma ba shi da ikon ƙara farashi ya ci don ka makara. Saboda haka binciken mai saye da ingancin jingina sun ƙara muhimmanci.

Kada kuma ku manta da haɗarin tattara bashi wuri ɗaya. A ƙasar da kusan duk kuɗin gwamnati daga mai yake fitowa, kuma mafi yawan ma'aikata gwamnati ce take biyansu, banki yana iya ba mutum dubu goma bashi ya ɗauka ya rarraba haɗari, alhali dukkansu daga rijiya ɗaya suke sha. Ranar da aka rufe Sharara da sauran filayen mai na tsawon lokaci, kamar yadda aka yi a 2020, igiyar da ta ɗaure su duka ita ce take girgiza.

[Gajeren kiɗa]

Misalan duniya guda biyu sun ishe ku, in kun san su da kyau. A Amurka aka riƙa ba mutanen da ba su da ƙarfin biya bashin sayen gida, aka dunƙule basussukan ana sayar wa bankunan duniya. Farashin gidaje ya faɗi, bankuna suka daina yarda da juna, ranar 15 ga Satumban 2008 bankin Lehman Brothers ya rushe. Wannan ruɓaɓɓen bashi ne da ya haifi ƙarancin kuɗi. Bayansa aka fito da Basel na uku a 2010, wanda ya ƙara ingancin jari, ya kuma wajabta wa banki ajiye abin da zai riƙe shi kwana 30 na tsanani. Na biyu, bankin Silicon Valley a Maris ɗin 2023: darajar takardun lamunin da ya saya ta faɗi saboda tashin kuɗin ruwa, labari ya bazu ta waya, masu ajiya suka nemi dala biliyan 42 a yini ɗaya, washegari hukuma ta rufe shi. Darasin shi ne, ciwukan nan biyu suna haifar juna. Bankin da aka matsa wa zai sayar da kadara a wulaƙance, asarar ta ci jari. Bankin da aka ji jarinsa ya raunana kuma, layi zai taru a ƙofarsa.

Idan aka tambaye ka magani, haɗa kowane ciwo da nasa. Ƙarancin tsabar kuɗi, Babban Banki ne mai ba da rance na ƙarshe ga bankin da yake da lafiya, a kan jingina mai kyau, tare da inshorar ajiya don kwantar da hankalin jama'a. A Najeriya hukumar NDIC, wadda aka kafa a 1988, ita ce mai wannan aiki. A 2024 ta ɗaga abin da take lamuncewa zuwa naira miliyan 5, kuma a watan Yunin shekarar, da aka soke lasisin bankin Heritage, ita ta biya masu ajiya. Karyewar jari kuwa sai ƙarin jari, ko haɗewa da wani banki, ko rufewa. Sannan ka rufe da illar ceto: idan shugaban banki ya san riba tasa ce, asara ta gwamnati, zai ƙara ganganci. Shi ya sa ceto yake tafiya da sauke shugabanni da tsananta sa ido.

Saura yadda za ka shirya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka nemo tambayoyin shekarun baya daga waɗanda suka gabace ka. Kowace rana ka buga lissafi uku da hannunka, ka riƙa sauya lambobin, har hannu ya saba. Ka samu abokai biyu ko uku, kowa ya bayyana wa sauran babi ɗaya da Hausa, littafi a rufe. Abin da ka kasa faɗa da harshenka, ba ka gane shi ba tukuna, ko da ka haddace shi da Larabci. A zaure kuma, ka karanta tambaya sau biyu, ka duba ko an ce bayyana, ko kwatanta, ko lissafa. Ka fara da ma'ana a layi biyu, ka bi da yadda abin yake faruwa mataki-mataki, ka kawo misali ɗaya mai suna da shekara, ka rufe da magani. A tambayar lissafi ka rubuta kowane mataki, domin ko amsar ƙarshe ta kuɓuce, hanyar tana da maki. Lambar da ba ka tabbatar ba, kada ka rubuta ta.

Iyaye, ku rage wa yaran nan aike a makonnin nan, ku bar musu fitila da wuri mai shiru. 'Yan kasuwa, in ɗalibi ya zo yana tambayar yadda kuke ba da bashi, ku zaunar da shi ku nuna masa.

Ku kuma ɗalibai, wata rana ɗayanku ne zai zauna a bayan teburin da ake sa hannu a ba da bashi, kuɗin da zai bayar kuwa na dattijon nan ne da ya jingina da bango da asuba yana jiran albashinsa. Ku yi karatun nan saboda shi, ku riƙe amana tun daga takardar jarrabawa. Allah Ya ba ku sa'a, Ya sa ku amfani al'umma. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.

[Kiɗan rufe shiri]